Bismillah, Kai Ne Babba: Yadda Ake Jera Hadiman Uwar Garke

A ƙasashen sanyi akwai masu kula da kwamfuta da ke alfahari da cewa uwar garkensu ta shekara uku ba ta rintsa ba. Har hoton lissafin kwanakin suke ɗauka su nuna wa abokai. Irin wannan mutum bai san abin da na'urarsa za ta aikata ba ranar da ta mutu ta farfaɗo, domin bai taɓa gani ba. Takwaransa na Yamai ya gani. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka da kilim, yana iya gani kafin azahar, ya sake gani bayan la'asar. Saboda haka ilimin wa zai fara tashi a cikin na'ura, wanda a wasu wurare babi ne da ake tsallakewa a littafi, a nan bita ake yi masa kyauta.

Masu ɗaukar nauyin karatun sanannu ne. Kamfanin NIGELEC, da aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayo mafi yawan wutar da yake rabawa daga Najeriya, kusan kashi 70 cikin ɗari kafin 2023, ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi. A 2017 aka buɗe tashar Gorou Banda mai aiki da mai, daga baya aka ƙara mata ta hasken rana mai megawat 30. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta katse layin, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Watanni bakwai ke nan na zurfafa ilimi, kuma ba a ba kowa takardar shaida ba.

Ga yadda abin yake gudana. Wuta ta dawo, na'ura ta laluba jikinta, ta ƙirga ƙwaƙwalwarta, ta ɗauko kanel ɗin Linux ta ɗora. Kanel yana tayar da shiri guda tak, ya ba shi lamba 1, ya koma harkarsa. Wannan mai lamba 1 shi ne sarkin fada. Shi ke tayar da kowa, shi ke riƙon marayu idan uban wani shiri ya rasu, kuma doka ba ta ba shi izinin mutuwa ba: in ya kuskura ya faɗi, kanel ya firgita ya tsayar da komai. Sauran su ne hadiman bayan fage, wato rumbun bayanai, da mai tarbar baƙin shafin intanet, da mai tsaron ƙofar SSH, da mai gyara agogo, da mai rubuta rahoton abin da ya faru. Ba a ganin fuskar ko ɗaya a allo. Ranar da ba sa nan ake sanin suna nan.

Matsalar kuwa ƙarama ce. Manhajar biyan albashi ta wani ofis a unguwar Plateau ta farka da wuri, ta ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 5432, inda rumbun bayanai PostgreSQL yake zama, ba a amsa ba domin maigidan bai gama miƙa ba. Sai ta rubuta layi ɗaya na ƙorafi ta faɗi matacciya. Bayan daƙiƙa huɗu rumbun ya miƙe garau, ya zauna jiran baƙuwar da ba za ta sake zuwa ba. Babu abin da ya lalace, kowa lafiyarsa lau. Albashi ne kawai ba zai fita ba.

Magabata da lamba suka warware wannan. Tsarin da aka gada daga Unix System V na kamfanin AT&T, wanda ya fito a 1983, yana da jaka irin su /etc/rc3.d, cike da sunaye masu farawa da harafin S da lamba biyu, S10, S20, har S99. Sarkin fada yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarami zuwa babba. Duk wanda ya taɓa zama a taron Palais des Congrès ya riga ya san siyasar wannan jeri: ƙananan ma'aikata ke fara zuwa, babban baƙo shi ke shigowa daga ƙarshe, bayan an gama goge kujeru. To kowane mai rubuta manhaja tasa ce babban baƙo, don haka ya ba ta S99. Da kujerar ta cika, aka lura cewa in lamba ta zo ɗaya haruffa ake bi, sai wani ya fara sunan tasa da z. Wanda ya gaje shi ya sa zz. A gefe kuma akwai rc.local, ɗakin da ake jibge duk abin da aka rasa inda za a ajiye.

Aibin tsarin shi ne layi ɗaya ne. In mai lamba 20 ya tsaya neman wani suna a rezon da bai iso ba, masu lamba 21 zuwa 99 suna tsaye a rana. Kyansa kuwa, ko yaro ne ya buɗe jakar ya san wa ke gaban wa, kuma har yau akwai dattawan da ke ambaton wannan idonsu ya ciko.

A 2010 Lennart Poettering na kamfanin Red Hat, tare da Kay Sievers, suka fito da sabon sarkin fada mai suna systemd, wanda ya soke layi. Kowa ya tashi lokaci guda, sai wanda ya rubuta a takardarsa cewa yana jiran wani. Fedora ta karɓe shi a 2011. A Debian sai da aka kai ruwa rana: a Fabrairun 2014 kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu, shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa, aka shigar da systemd a fitowar 2015, waɗanda suka fusata suka yi ƙaura suka kafa Devuan. Mutanen da ba kasafai ake ɗauke musu wuta ba sun yi watanni suna rigima a kan abin da ya kamata a yi in ta dawo.

A sabon tsari kowane hadimi yana da takarda, kuma a nan ne yawancin masu ilimi suke zamewa. Mutum ya rubuta After=postgresql.service a takardar manhajar albashi, ya rufe, ya tafi sallah. Abin da ya rubuta shi ne, in an gayyaci mu biyu, shi ya fara shiga. Bai ce a gayyace shi ba. In ba wanda ya kira rumbun, manhajar za ta shiga ita kaɗai hankalinta kwance, ta ƙwanƙwasa, ta mutu kamar yadda ta saba. Sai ya dawo ya goge, ya rubuta Requires= a madadinsa. Wannan kuma cewa yake a kira shi, ba na zama sai da shi. Amma bai ce a jira shi ba. Sai sarkin fada ya tashe su tare, su yi karo a bakin ƙofa. Gayyata daban, jeri daban, kuma mai son duka biyu sai ya rubuta layi biyu. Idan ya haɗa su, magana ta cika: a kira shi, ya riga ni shiga, in ya kasa tashi ni ma na fasa, in aka sallame shi a sallame ni.

Akwai mai sassauci, Wants=, wanda ke cewa a kira shi, in ya zo madalla, in bai zo ba a ci gaba da taro. Takardun systemd da kansu shi suka fi ba da shawara a yawancin lokuta, kuma ni ma shi nake bi, domin hadimin da ya rantse ba ya rayuwa sai da wane yakan jawo wa mutane tashin dare. Akwai kuma mai tsanani, BindsTo=, wanda ko ba sallamar abokinsa aka yi ba, ɓacewa kawai ya yi, shi ma ya bi shi.

Mai amfani da Debian ko Ubuntu ya kamata wata rana ya buɗe takardar postgresql.service ya karanta. Hadimin da ke ɗauke da sunan, wanda kowa ke rubuta cewa yana bayansa, aikinsa guda ɗaya ne: ya kira /bin/true, shirin da ba ya yin komai sai dai ya ce an yi nasara. Masu ɗaukar kayan na gaske wasu ne, masu dogon suna da lamba a jiki, da aka jera a gabansa. Shi dai nasa ya bayyana bayan an gama. Tsari ne mai kyau, yana kuma aiki, kuma ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa.

Ko an jera kowa daidai, da sauran rina a kaba. Sarkin fada, in ba a ce masa komai ba, yana lissafa hadimi a cikin waɗanda suka iso tun daga lokacin da ya tashe shi. Ba ya tambaya ko ya sa riga. Wannan shi ne Type=simple. Rumbun da wuta ta yanke wa magana a tsakiya kuwa ba ya karɓar baƙi nan take, sai ya koma kundinsa ya sake bin abin da yake rubutawa lokacin da duhu ya zo, ya tabbatar da wanda ya cika, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa a wannan tsakanin sai a ce masa ana kan shiri. Tsohuwar al'ada, Type=forking, ta fi ban tausayi: shirin ya haifi ɗa, ɗan ya kama aiki, uban ya mutu, mutuwarsa ita ce sanarwar an shirya. Ta zamani, Type=notify, ta bar hadimi ya aiko da bakinsa cewa READY=1, sai a saki na bayansa. Ita ce ta gaskiya, amma sai wanda ya rubuta manhajar ya koya mata magana. Samarin da suka gudu zuwa Docker don su huta da wannan sun tarar da shi yana jiransu a can: depends_on yana jiran kwantena ta tashi ne kawai, sai an ƙara sharaɗin service_healthy kafin ya jira ta dawo hayyacinta.

Sai maganar rezo, inda aka fi kwasar gawarwaki. Akwai wata alama mai suna network.target, kuma duk mai hankalin da ya gan ta zai ɗauka cewa bayanta akwai rezo. Babu. Abin da take shaidawa shi ne an tayar da mai kula da rezo ya kama aiki. Ko ya samo adireshi, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Babban amfaninta ma a wajen kashewa yake, don kada a naɗe rezo masu amfani da shi ba su gama sallama ba. Mai son a jira adireshi sai ya nemi network-online.target, ya rubuta ta sau biyu, a Wants= da After=, ya kuma tabbata an kunna hadimin da ke tsayawa jiran. Shi ma jiran yana da iyaka, na systemd-networkd minti biyu ne, kuma iyakar shaidarsa ita ce katin na'urar ya samu adireshi. Ko akwai intanet a bayan katanga, ba a rantsar da shi a kan wannan ba. Nijar ba ta da teku, zarenta na fiba ta ƙasashen maƙwabta yake bi kafin ya kai igiyoyin ƙarƙashin ruwa, don haka tsakanin adireshin cikin ofis da sauran duniya akwai ɗaruruwan kilomita da sarkin fada bai taɓa jin labarinsu ba.

Faifai ma yana da nasa. A ce akwai faifan ajiya na USB da aka rubuta sunansa a /etc/fstab, ranar Juma'a wani ya zare shi don ya sa cajin waya. Ba abin da zai faru sai an ɗauke wuta an dawo da ita. A lokacin ne sarkin fada zai nemi faifan ya rasa, ya tsaya jira. A allo wasu jajayen taurari suna kai da komo, a gefensu agogo yana ƙirga zuwa minti ɗaya da daƙiƙa 30. Da ya cika sai ya soke taron gaba ɗaya, ya shiga halin gaggawa, ya nemi kalmar sirrin babban mai gida a kan allon da ke cikin ɗaki a kulle. Bai tayar da SSH ba, don haka ba a shiga daga nesa. Injiniya yana Harobanda, kogi na tsakaninsa da ofis, Gadar Kennedy kuma a cike. Sai ya buga waya ofis.

"Baba, ina wuni. Don Allah leƙa ta taga, fitilar akwatin nan kore ce ko ja?"

"Lafiya lau, Injiniya. Kore ce, tana ta ƙifta ido. Ka ga tana aiki."

"A allon fa, me ka gani?"

"Rubutun Nasara ne, ya tsaya wuri ɗaya."

"To Baba, kada ka taɓa komai, ga ni nan tafe."

"Ai na riga na kashe na kunna sau biyu, ɗana, don in rage maka aiki."

Kalma ɗaya, nofail, a layin faifan, ta isa ta hana wannan tafiya. Sai dai tana da ɗa: yanzu na'ura za ta tashi ba faifan, mai kwafe ajiya na tsakar dare ya zo ya tarar da jaka fayau, ya zuba kayansa a ciki da zuciya ɗaya, a kan babban faifan na'urar, har ya cika. Shi kuma RequiresMountsFor= ake rubuta masa, don ya san ba a sauke kaya sai an ga rumbu.

Agogo a taƙaice: ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, in ya ƙare, na'ura takan farka a wata shekara da ta wuce, ta duba takardun shaidar tsaro ta ce ba a haife su ba tukuna. Hadimin da lokaci ya dame shi sai ya bi bayan time-sync.target, a kuma kunna mai tsayawa har agogo ya daidaita.

Duk wannan ilimi yana da kishiya, kuma ita ce aka fi aure. Sunanta sleep 30. Ana rubuta ta a gaban umarnin tashi, ma'anarta kwanta rabin minti, kafin nan dai ai kowa ya iso. Babu injiniyan da zai amsa a gaban jama'a cewa yana amfani da ita, kuma da wuya ka buɗe tsohuwar uwar garke ba ka same ta ba. Tarihin ofis a jikinta yake. Wanda ya kafa na'urar ya sa 10. Rumbu ya girma, magajinsa ya mayar 30. Wata bazara aka sha wuya, aka kai 60, wani ya rubuta a samanta da Faransanci cewa kada a taɓa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai ranar da rumbun ya buƙaci daƙiƙa 61. Kamfanin Microsoft, maimakon ya ji kunya, sai ya ba ta ofis: tun daga Windows Vista akwai zaɓin tashi da jinkiri, inda hadimi ke jira wajen minti biyu bayan sauran sun gama.

Abin da ya fi barci daraja shi ne naci. Restart=on-failure yana cewa in ya faɗi a sake tashinsa. Amma a duba lissafi. In ba a faɗi tazara ba, sarkin fada yana sake gwadawa bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma in hadimi ya tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai a yanke masa hukuncin cewa ba mai gyaruwa ba ne, a daina kiransa. Wato manhajar da ke mutuwa nan take tana cinye duk haƙurin da aka tanadar mata kafin ka ce kwabo, rumbun ko takalmi bai sa ba. RestartSec=10 yana gyara wannan. Wanda ya fi duka kuwa shi ne manhajar da aka koya wa cewa in ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba ta ɗan zauna a dakali ta sake. Jeri sau ɗaya yake aiki, a lokacin tashi, rumbu kuwa yana iya faɗuwa da tsakar rana ba tare da ya shawarci kowa ba.

Yawan ladabi ma yana kashe taro. Wane ya rubuta yana bayan wane, shi kuma yana bayan na uku, na ukun ya rubuta yana bayan na farko. Ga su a bakin ƙofa, bismillah Alhaji, a'a wallahi kai ne babba, haba ina ni ina shiga gabanka. Sarkin fada ba ya tsayawa sulhu. Yana rubuta a kundi cewa ya ga zobe, ya cire ɗaya daga cikin waɗanda ba dole ba ne, sauran su wuce. Wanda aka cire yau ba lalle shi za a cire gobe ba, shi ya sa ake samun na'urar da ke tashi lafiya ranar Litinin, ranar Talata ta tashi ba rezo, alhali ba wanda ya taɓa ta. Mai bincike yana da systemd-analyze blame, da ke jero hadimai daga wanda ya fi daɗewa. Kowa na son sa saboda yana fitar da suna. Sai dai wanda ya daɗe ba lalle ne ya tsare kowa ba, wataƙila a gefe yake nasa jinkirin. Wanda ke nuna ainihin sarƙar da ta riƙe taro shi ne critical-chain, kuma ba a cika kiransa ba.

Fita ma da tsarinta, jerin shiga ne a juye: wanda ya shigo ƙarshe shi ke fara tashi, rumbu ya rufe ƙofa bayan baƙinsa sun watse. Inda aka haɗa ondilar, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta, da na'ura ta hanyar manhajar NUT, da batiri ya yi ƙasa sai a aiko a ce a tattara. Sarkin fada yana roƙon kowane hadimi ya fita da mutunci, ya ba shi daƙiƙa 90, in ya ƙi sannan a fitar da shi da ƙarfi. Masu taurin kai uku a jere sun ci minti huɗu da rabi ke nan. Batirin darma kuwa a digiri 25 aka auna shekarunsa, kowane ƙarin digiri goma yana raba su kusan biyu, kuma kilim ba ya cikin waɗanda ondilar ke ɗauka. Ana rage wa masu taurin kai wa'adi da TimeoutStopSec=, ban da rumbu, shi a bar shi ya gama rubutunsa.

Saura tarko ɗaya. An saita BIOS cewa duk lokacin da wuta ta dawo na'ura ta kunna kanta. Batiri ya yi ƙasa, an fara sallama, ana tsakiyar fita sai gurup ya kama ko wutar gari ta dawo. Sarkin fada ba ya janye sallama, sai ya kai kowa waje ya kashe na'ura. Ita kuma, tun da ondilar ba ta taɓa yanke mata wuta ba, ba ta ga an ɗauke ba balle ta ga an dawo. Ga wuta, ga sanyi, ga rezo, uwar garke tana kwance tana jiran a ɗauke. Maganin da masana suka yarda da shi shi ne NUT, a matsayin aikinsa na ƙarshe, ya umarci ondilar ta yanke wutar da kanta na ɗan lokaci sannan ta mayar. Da sefa na gaske ake sayen na'urar da za ta yi wannan, kuma sai an duba takardarta kafin a biya, domin ba kowace ondilar ce ta iya ɗauke wuta yadda ya kamata ba.